Gonar barewa: yadda ake noma wa naman daji abinci a Amurka

Manomin da ya saba kwana a gona yana korar dabbobi daga wakensa zai yi dariya in aka ce masa akwai ƙasar da mutum ke sayen iri da taki, ya yi hayar tarakta, ya shuka wake, sannan ya koma gefe yana fatan naman daji ya zo ya cinye. To a Amurka haka ake yi, kuma ba da wasa ba. Daga Alabama har Wisconsin za ka tarar da 'yan filaye kore shar a tsakiyar daji, ba wanda zai girbe su, ba wanda zai kai amfaninsu kasuwa. Na barewa ne.

Barewar da ake magana ba irin tamu ta Sahel ba ce. Wata ce mai farar wutsiya, wadda in ta tsorata take ɗaga wutsiyar sama kamar tuta. Namijinta yana da ƙaho mai rassa, ya zubar da shi a ƙarshen hunturu, wani sabo ya fito. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa ta kusa ƙarar da ita, abin da ya rage a ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta ɗora haraji a kan bindiga da harsashi ana zuba kuɗin a kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan 30. A 1988 Joe Hamilton ya kafa ƙungiyar kula da ingancin barewa a South Carolina, a wannan shekarar kuma Ray Scott ya buɗe Whitetail Institute a Alabama yana sayar da irin ciyawar da aka tanada musamman don barewa. Daga nan harkar ta zama kasuwa.

Kasuwar ce ma ta jawo matsalar. Ka shiga kantin kayan farauta ka ga buhunan iri jere, kowanne da hoton ƙaton namiji mai ƙaho kamar bishiya. Mutum ya ɗauki mafi tsada, ya je ya watsa a ƙarƙashin inuwa, a ƙasar da bai taɓa gwadawa ba, bayan wata biyu ya dawo ya tarar da fako. Barewa ba ta karanta buhu. Wannan aiki noma ne kafin ya zama farauta, kuma wanda ya taso a gidan manoma ya riga ya san rabinsa. Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: mutum mai eka 40 na daji a kudancin jihar Ohio, yana son ya yi gonar rabin eka.

Mataki na farko: doka

Abu biyu ne ba a haɗa su. Zuba tsabar masara ko tuffa a ƙasa don barewa ta zo, wannan tarkon abinci ne, kuma jihohi da yawa sun hana. Shuka abu ya tsiro a inda yake, wannan noma ne, kuma kusan ko'ina an yarda da shi. New York ta hana ciyar da barewa ta hanyar zuba mata abinci. Michigan ta hana a yankinta na kudu a 2019. Texas kuwa ta yarda mutum ya zuba a filinsa. Babban dalilin hanin shi ne cutar nan da ke cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita, CWD, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, to in bareyi goma suka sa baki a tudun masara ɗaya ka san abin da zai biyo baya.

Kowace jiha tana fitar da ɗan littafin dokokin farauta duk shekara, kyauta, kuma dokar kan canza daga gunduma zuwa gunduma. Karanta na bana, kada ka dogara da na bara. Filin kuma ya zama naka ne, ko kana da izinin mai shi a rubuce. Dajin gwamnati ba a shuka a cikinsa.

Mataki na biyu: wace irin gona kake so

Akwai gonar ciyarwa, akwai gonar dako. Ta ciyarwa babba ce, eka 2 zuwa 5, a fili buɗaɗɗe, aikinta ta riƙe bareyi da abinci mai gina jiki tsawon shekara. Da dare suka fi shigarta. Ta dako ƙarama ce, kwatan eka zuwa eka ɗaya, a lungu kusa da makwancinsu, inda za su iya fitowa da sauran haske ba tare da fargaba ba. Mai ƙaramin fili da ƙaramin aljihu, ta dako ce tasa. Masana kan ce gonakin su kai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na filin gaba ɗaya, wato mai eka 40 yana neman eka ɗaya zuwa biyu a ƙarshe. Amma a shekarar farko rabin eka ya isa mutum ya koyi darasi.

Mataki na uku: zaɓen wuri

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi tun ba a taɓa ƙasa ba. Lokacin da ya fi dacewa a zaga daji shi ne Fabrairu zuwa Maris, ganye ya zube, farauta ta ƙare, sawu yana fitowa sarai a laka ko dusar ƙanƙara. Abin da kake nema: turbar da suke bi, kashinsu mai kama da na akuya, wuraren da ciyawa ta kwanta inda suka yi barci, da ƙananan itatuwan da namiji ya goge wa ɓawo da ƙahonsa. Makwanci yawanci cikin sarƙaƙiya yake, ko a gefen tudu inda iska ke kawo musu labarin abin da ke bayansu, ido kuma na ganin abin da ke ƙasa.

Gonar ta zauna tsakanin makwancin nan da inda suke zuwa kiwon dare, kamar gonar masara ko waken suya ta maƙwabci. Yadi 100 zuwa 200 daga makwanci ya yi. In ka matsa kusa fiye da haka, duk zuwanka sai ka tashe su. In ka yi nisa, sai duhu ya yi kafin su iso.

Sai rana. Shuka tana son hasken rana kai tsaye na awa huɗu zuwa shida a yini, in ya fi haka ma alheri. Wurin da ya yi maka haske a watan Maris zai iya zama rumfa a watan Yuli in ganye ya dawo, saboda haka ɗaga kai ka dubi rassa, ba ƙasa kaɗai ba. Tsohuwar hanyar masu yankan katako, wurin da suka tara gungume, kusurwar tsohuwar gona da aka bari, duk wuraren kirki ne. Guji kwarin da ruwa ke kwanciya, guji gangaren da ruwan sama zai wanke maka iri, ka kuma guji bakin titi, don kada ka yi wa ɓarayin farauta noma, ko ka jawo barewa gaban mota.

Sannan iska, wadda sababbin shiga ke mantawa. Barewa da hanci take rayuwa. A Ohio iskar kaka ta fi tasowa daga yamma, ko dai kudu maso yamma ko arewa maso yamma. Ma'ana mazauninka, wurin da za ka zauna dakon barewa, ya kasance a gabashin gonar, warinka ya tafi inda ba barewa. Hanyar shigarka ma haka: kada ta ratsa gonar, kada ta bi ta gefen makwanci. A wuri mai tudu da kwari akwai ƙarin abu: da yamma iska mai sanyi gangarawa take yi zuwa kwari, da safe in rana ta ɗumama sai ta hau. Wanda ya zauna saman gonar da yamma ya aika musu da warinsa har gida. In wuri ya cika kowane sharaɗi amma ba ka da hanyar shiga da fita a ɓoye, bar shi, nemi wani.

Siffar gonar ma da magana. Doguwa mai lanƙwasa, kamar gwiwar hannu, ta fi murabba'i. Barewa ta fi sakin jiki in daji na kusa da ita ta kowane gefe, kuma lanƙwasar tana sa ta taka ta leƙa ɗaya ɓangaren, ta wuce ta gabanka.

Auna filin da gaske, kada ka yi kintace. Eka ɗaya yadi murabba'i 4,840 ne. Tsawon yadi 80 da faɗin yadi 30 ya ba ka 2,400, rabin eka kenan. Duk lissafin taki da iri a kan wannan lambar zai hau, in ta karkace komai ya karkace.

Mataki na huɗu: gwajin ƙasa da layim

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai a wannan shekarar, nan za ka kashe shi. Kusan kowace gunduma a Amurka tana da ofishin malaman gona da ke ƙarƙashin jami'ar jiha, tsarin da aka kafa tun 1914. Su za su ba ka jakar gwaji ko su nuna maka ɗakin binciken da za ka aika, kuɗin bai kai na buhun iri ɗaya ba. Ka ɗauki bokitin roba mai tsabta, ka zaga filin ka ɗebo ƙasa daga wuri 10 zuwa 15, zurfin inci 4 zuwa 6, ka cire ganye da saiwa, ka cakuɗa, ka ɗebi kamar kofi biyu ka aika. A takardar ka rubuta abin da za ka shuka, domin shawarar da za su ba ka ta dogara da shi.

Lambar farko da za ka duba a sakamakon ita ce pH, ma'aunin tsamin ƙasa. Bakwai shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami. Yawancin abin da ake shuka wa barewa yana son 6.0 zuwa 7.0, an fi so a ce 6.5. Ƙasar daji a gabashin Amurka kuwa sau da yawa 5 da ɗan wani abu take. Kada ka ce ai bambancin ɗaya ne kacal: ma'aunin ninki goma-goma yake tafiya, ƙasa mai 5.5 ta ninka mai 6.5 tsami sau goma. A irin wannan ƙasa sinadarin fosfaras yakan ɗaure, saiwa ba ta iya jansa, ƙwayoyin halittar da ke taimakon dangin wake su kama naitirojin daga iska su ma ba sa aiki. Ka zuba taki buhu biyar, shuka ta ci kaɗan, sauran ya tafi a banza.

Maganin shi ne layim, garin dutsen farar ƙasa da aka niƙa don noma. Ba abin mamaki ba ne sakamako ya ce tan 2 a kowace eka, wani wurin har 3. A rabin ekarmu tan ɗaya kenan, fam 2,000 (fam ɗaya ya ɗan gaza rabin kilo), wato buhu 50 masu nauyin fam 40. Eh, hamsin. A nan mutane ke ja da baya su sayi buhu biyar su ce Allah ya sa albarka, kuma a nan gonar ke mutuwa. In mota za ta iya shiga filin, sayen garin a tirela daga kantin manoma ya fi araha nesa ba kusa ba, wasu ma su za su zo su watsa maka. In lungu ne da sai babur mai ƙafa huɗu, to sai na buhu, wanda aka dunƙula kamar ƙwayar taki, ya fi tsada amma yana bin injin watsawa ba gardama.

Layim ba ya aiki rana ɗaya. Yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya fara gyara ƙasa sosai, kuma ya fi sauri in an cakuɗa shi da ƙasar da haro. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai yi shuka a Agusta, a Maris ko Afrilu zai zuba layim. In ka makara, zuba duk da haka, amma a bana ka shuka abin da ke jure tsami, za mu zo kansa.

Taki kuwa sai ranar shuka ko dab da ita. Lambobi ukun da ke jikin buhu su ne dai na NPK da kowa ya sani. Bi abin da gwaji ya ce. Abin lura ɗaya: dangin wake da kuloba, wata 'yar ciyawa da za mu zo kanta, suna samar wa kansu naitirojin, in ka ƙara musu ciyawa kake ciyarwa, shi ya sa ake ba su irin 0-20-20. Dangin kabeji da hatsi kuwa mayunwatan naitirojin ne, su ake ba 19-19-19, a bi su da yuriya bayan sun yi wata guda.

Mataki na biyar: me za a shuka

Ka fara tambayar kanka wane lokaci ne barewar yankinka ke cikin yunwa. Daga Afrilu zuwa Yuni daji cike yake da sabon ganye. Ƙuncin yana zuwa ne a ƙarshen zafi, lokacin da ganye ya tsufa ya yi tauri ga uwa na shayarwa ga namiji na gina ƙaho, sai kuma tsakiyar hunturu bayan an girbe gonaki. Babbar barewa tana cin abin da ya kai kilo 3 a yini, kuma ƙaho da nono suna son abinci mai furotin wajen kashi 16 cikin 100.

Kuloba, 'yar ciyawar nan mai ganye uku-uku, ita ce uwar harkar. Fara mai manyan ganye da ake ce wa ladino, in an kula da ita, tana yin shekara uku zuwa biyar ba a sake shuka ba, furotin ɗinta ya haura kashi 20, tana jure ɗan inuwa, kuma in an ci tana tohowa. Fam 4 zuwa 6 ke isar eka guda. Laifinta biyu: tana jinkirin kafuwa, kuma in zafi da fari suka yi tsanani takan yi kwance. Shi ya sa ake haɗa ta da cikori, mai doguwar saiwa da ke kai wa ga laima.

Hatsi uku ake yayi: alkama, ots da rayi. Fam 100 a eka in su kaɗai ne. Barewa ganyensu take ci yana ɗanye, ba tsaba ba. Ots ya fi daɗi a bakinta amma sanyi mai tsanani na kashe shi. Rayi shi ne jakin cikinsu: yana tsirowa ko da ƙasa ta kusa daskarewa, yana jure tsami da rashin ƙarfin ƙasa, yana nan kore har Maris. Wanda layim ɗinsa bai gama aiki ba, rayi ne abin shukarsa. A kula, akwai wata ciyawa mai kusan sunan, rayigiras, da ake cika buhunan araha da ita don tana saurin yin kore. Barewa ba ta damu da ita ba, kuma in ta zuba 'ya'ya a filinka ka shiga uku wajen fitar da ita.

Dangin kabeji su ne tanif, radish mai dogon tushe, da ref. Fam 4 zuwa 5 a eka, radish ya ɗan fi haka. Suna tara ganye mai yawa cikin wata biyu zuwa uku, kuma tushen yana zama abinci a Disamba da Janairu, barewa na tono shi da kofato cikin dusar ƙanƙara. A wurare da yawa ba ta kula su sai sanyi ya sauka, a wasu wuraren ma sai ta yi shekara ɗaya ko biyu kafin ta gane abin ci ne. Kada a maimaita su a fili ɗaya fiye da shekara biyu a jere, cuta na taruwa a ƙasa.

Na lokacin zafi kuwa, waken suya da wake. Eh, wakenmu dai, wanda asalinsa Afirka ne kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa nomansa. A kudancin Amurka ana shuka wani nau'insa mai yaɗo da yawan ganye, fam 50 zuwa 75 a eka, bayan ƙasa ta ɗumama a watan Mayu ko Yuni, saboda yana jure fari da ƙasa mai yashi. Lablab, wani dangin wake, ma haka. Sai dai a rabin eka ban ba ka shawara ba. Barewa na son su fiye da kima, kuma waken suya in aka guntule shi yana ɗan tsiro, ƙasa da ganyen farko, ya mutu kenan. Garke ɗaya zai share maka rabin eka cikin mako. Su na mai eka biyu zuwa sama ne, ko mai shingen lantarki.

To ga abin da zan yi a rabin ekar Ohio. In raba ta biyu. Kashi ɗaya dangin kabeji, fam ɗaya da ɗan ƙari, a farkon Agusta. Ɗaya kashin rayi fam 15 haɗe da kuloba fam ɗaya da rabi, a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Rayin zai ja barewa a kakar nan, ya kuma yi wa kulobar garkuwa tana kafa saiwa a ƙarƙashinsa. Shekara mai zuwa a yanke rayin, kuloba ta gaji filin.

Kafin ka biya kuɗin kowane buhu, juya shi ka karanta 'yar takardar da doka ta tilasta a manna. Tana faɗin kowane iri da kasonsa, da yawan wanda zai tsiro, da ranar da aka gwada shi. Za ka ga wani buhun kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wani har rabi, rufin da aka yi wa irin ne, ba iri ba. Rufin ba laifi ba ne, sau da yawa a cikinsa ake sa ƙwayoyin da ke kama naitirojin, amma ka sa shi a lissafi. In kulobarka ba ta da rufi, sayi garin ƙwayoyin na irinta ka cakuɗa ranar shuka, kada ka bar shi a rana ko cikin mota mai zafi.

Mataki na shida: share fili

Ciyawar da ke wurin ta riga shukarka kafuwa, in ba ka kashe ta ba ita za ta ci takinka. Yanke ta, ka jira kamar mako biyu ta sake toho, sannan ka yi feshin gilaifoset, maganin da aka fi sani da sunan Roundup, a ranar da ba iska ba hadari. Bi abin da aka rubuta a jikin galan, ka sa safar hannu. Bayan kwana 10 zuwa 14 za ta bushe. Fili mai taurin kai, feshi biyu.

Daga nan hanya biyu ce. Mai tarakta ko babur mai jan haro ya kafce sama-sama, inci 3 zuwa 4, ba huɗa mai zurfi ba, don duk juyin da ka yi wa ƙasa kana fito da 'ya'yan ciyawar da ke binne kana kuma zubar da laima. Marar inji kuwa ya watsa iri cikin busasshiyar ciyawar tana tsaye, sannan ya yanke ta ta kwanta a kai ta zama bargo. Da ƙananan iri da rayi wannan dabara tana aiki, musamman in ruwa ya biyo baya. A cikin daji, manjagara ta isa a kwashe ganye har ƙasa ta bayyana.

Mataki na bakwai: shuka

Lokaci ana lissafa shi ne daga ranar da raɓa ke fara daskarewa a yankinka. A kudancin Ohio wajen tsakiyar Oktoba ne. Dangin kabeji suna son kwana 60 zuwa 90 kafin ranar, hatsi kwana 30 zuwa 45. A Jojiya ko Alabama komai sai ya ja baya zuwa Satumba da Oktoba. Kada ka yi gaggawar shuka hatsi: in ya girma ya yi kara kafin lokacin farauta, barewa ta bar shi. Cikin wannan tazarar kuma ka bi hasashen yanayi, ka shuka ana gobe ruwa. Yayyafin da zai tsirar da iri sannan a yi mako uku ba ɗigo ya fi rashin ruwan muni.

Zurfi shi ne ke kashe yawancin gonakin sababbin shiga. Hatsi da wake inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kuloba, cikori da tanif kuwa 'ya'yansu ƙanana ne kamar na riɗi ko ƙasa da haka, kwatan inci ne iyakarsu. Wanda ya watsa kuloba ya bi ta da haro ya yi mata jana'iza. Tsarin shi ne: watsa taki da manyan iri, ka rufe su da haro sama-sama, ka daddanne ƙasar da abin birgima mai nauyi ko tayoyin babur har takalminka ya daina nutsewa, sannan ka watsa ƙananan irin a sama, ka sake dannewa. Shi kenan.

Fam ɗaya na irin tanif a kwatan eka, in ka gan shi a hannu sai ka rantse bai isa ba. Ya isa. In ka ƙara, za su cunkushe su yi rawaya ba tushe. Matse bakin injin watsawa na hannu, ka raba irin kashi biyu, ka bi filin a tsaye da kashi ɗaya, a kwance da ɗayan. Wasu na cakuɗa shi da yashi ko ƙwayar layim don ya bazu daidai, kamar yadda mai yafa irin alayyafo ke yi a fadama.

In gonar tana kallon hanya ko fili buɗaɗɗe, yi mata labule. Ana shuka layin wata doguwar dawa da suke kira alkamar Masar, ko dawar Sudan, a watan Yuni, faɗin ƙafa 10 zuwa 15. Kafin kaka ta fi mutum tsawo, ta ɓoye barewa daga masu wucewa, ta ɓoye ka kai ma in za ka shiga.

Mataki na takwas: keji da kulawa

Ranar shuka ka kafa ɗan keji na waya a tsakiyar gonar, faɗin ƙafa 3, tsawo ƙafa 4, ka ɗaure shi da turke. Wannan ɗan abu shi zai gaya maka gaskiya. In cikin keji ya kai gwiwa waje kuma kamar an aske, shukarka lafiya lau, bakuna ne suka yi yawa: ƙara faɗin gona, ko a rage yawan matan garken gwargwadon yadda doka ta ba da dama. In ciki da waje duk a tsugune suke, laifin ƙasa ne ko ruwa. In ciki da waje duk sun yi tsawo, ba a ci, to ko wurin bai yi ba, ko akwai abin da ya fi shi daɗi a kusa. A shekarar da itatuwan ok, manyan itatuwan dajin can, suka yi 'ya'ya sosai, bareyi kan watse daga gona a Oktoba su koma cin su cikin daji. Ba abin tashin hankali ba ne, in sun ƙare za su dawo.

Mai son kare wake har ya kafu, shingen lantarki mai layi biyu ake yi: zare ɗaya a waje, biyu a ciki, tazarar ƙafa 3 tsakaninsu. Barewa na iya tsallake abin da ya fi wannan tsawo nesa, amma ba ta iya auna zurfin tazarar da kyau, sai ta fasa. A jihohin kudu akwai ƙarin annoba, aladun daji, masu tone gona cikin dare ɗaya.

Kuloba a shekara ta biyu tana son aski sau biyu ko uku, a bar mata inci 6 zuwa 8, don a hana ciyawa yin 'ya'ya. Kada a yanke ta cikin fari. A ƙarshen Mayu da Yuni kuma, kafin ka shiga da inji taka filin da ƙafa, lokacin haihuwa ne, kuma ɗan barewa ba gudu yake yi ba, lafewa yake a ciyawa. In ciyawa mai siririn ganye ta yi yawa akwai maganin kiletodim, mai faɗin ganye kuma 2,4-DB, dukansu ba sa kashe kuloba in an bi ƙa'ida. Kai ma ka kula da jikinka: kaskar barewa ce ke ɗauke da ciwon Lyme, cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka in ka koma gida.

Mataki na tara: zaman dako

Abin da ya rage kame kai ne. A Ohio farautar baka na buɗewa a ƙarshen Satumba, ta bindiga kuma ranar Litinin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Lasisi da takardar izinin barewa wajibi ne, in ban da mazaunin jihar da ke farauta a filin kansa, rigar ruwan lemo a lokacin bindiga kuwa wajibi ce ga kowa. Mai baka ya kafa mazauninsa yadi 20 zuwa 30 daga inda suke shigowa, kuma ya kafa shi tun Agusta. Ƙaramar gona ba ta ɗaukar zama kullum. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma sai ranar da iska ta yi daidai. Zaman yamma ya fi na safe, don da asuba suna cikin gonar, shigarka korarsu ce. Kyamarar da ke aiko hoto ta waya ta fi wadda sai ka je ka ciro kati, in jiharka ta yarda da ita. Manyan maza sukan tsaya cikin daji ta inda iska ke kai musu warin gonar har duhu ya yi, saboda haka a farkon Nuwamba, lokacin barbara, mazaunin da ke yadi 50 cikin daji a kan turba yakan fi na bakin gona.

In farauta ta rufe, koma filin a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa da dare ta narke da rana. Watsa kuloba a kashin da tanif ya tashi da duk inda ya yi sanƙo, ba haro ba komai, tsagewar ƙasar da rufewarta ita ke shigar da irin. Ka zo da bokitinka ka sake ɗebo ƙasar gwaji, ka ga inda buhu hamsin ɗin nan suka kai lambar. Ka riƙa duba gefen gonar kana tafiya, a wannan watan ne ake tsintar ƙahon da maza suka zubar.